Wa Ya Ce Fijon Kawu Gwangwan Ce?

Wannan makon da faɗa na zo, kuma da mu nake.

Wata takwas ke nan ina fama da wata tsohuwar Fijo 504 da kawuna ya rasu ya bari a bayan gidansa a Talata Mafara. Ya saye ta ne da kuɗin da ya tara lokacin aikin dam ɗin Bakolori, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya gina daga 1974 zuwa 1978. Na tarar tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya, 'yan gwangwan kuma har sun zo da sikelinsu. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Tun ranar abokaina, har da masu rubuta littafi, suke min dariya, wai mai hankali ba ya yi wa gawa magani.

To ku saurara. Wannan motar a Kaduna aka harhaɗa ta, a masana'antar Peugeot da ta fara aiki a 1975. A shekarar ce kuma 504 ta cinye gasar Safari ta Kenya. A Faransa, a garin Sochaux, akwai gidan tarihi guda na motocin Peugeot, kuma 504 mai buɗaɗɗen kai da Pininfarina ya zana, wadda ta fito a 1969, masu kuɗi na rububinta har gobe. Mu kuwa a kan kilo muke sayar da tamu, a narka ta a yi rodi.

Neman kayan gyaranta ya koya min abin da ban samu a littafi ba. Kafireta sai a Kofar Ruwa a Kano na same ta. Lagireta kuwa daga Panteka ta Kaduna. Gilashin baya a jikin wata matacciyar 504 na ciro shi a Bakura. Na koyi cewa ba a zuwa kasuwa da sunan kaya kawai, tsohon da ka kwance za ka riƙa a hannu a gwada, domin ba kowane kayan wagon ke shiga salun ba. Bakaniken da ke min aikin ya haura saba'in, da kunne yake saita inji. Yaransa kuwa in babu kwamfuta ba sa gane ciwon mota. Ranar da ya kwanta dama, wa zai gaje shi?

Ga inda laifinmu yake. Buɗe littattafanmu goma, za ka ga Alhaji ya fito daga dalleliyar mota mai numfashi, amma marubucin bai san bambancin kuloci da totur ba. Kalmomi irin su salansa, giyabos da fulogi, bakanikai ne suka tanƙwara su har suka zama Hausa, mu kuma muna jin kunyar sa su a takarda. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta a kan rikicin diyyar gonakinsu. Duk wanda zai rubuta labarin wannan zamanin dole ya san motar da ke bin hanyar Mafara zuwa Maradun a lokacin, da ƙararta, da yadda ake tura ta in batir ya mutu. In mun bari an narke su duka, sai mu ƙare da cika labarin 1980 da motocin yau.

Na san za a ce ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke ta tsohuwar mota? Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya sayi Fijo ba. Amma ɗaukar hoto kyauta ne. Kafin a ja ta gidanku, ka ɗauke ta hoto, ka rubuta lambarta, ka tambayi dattijon gidan ina da ina ta kai shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Aikin wannan makon: kowa ya je gareji ya zauna yini ɗaya, ya dawo mana da kalmomi ashirin daga bakin bakanike.

Tawa dai ta tashi ranar Juma'a, da hayaƙi da tari. Saura tambarin zaki na gaba. Wanda ya san inda zan samu, don Allah ya yi min magana.