Ma'auni ma yana bukatar mai auna shi

Duk wanda ya saba sayen hatsi a kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri ya san cewa ba a fara awo sai an duba tiya. Mai saye yakan juya ta, ya dubi gindinta ko an buge shi ya shige ciki, ya dubi bakinta ko an rage shi. Wannan dabara ta kakanni ta isa a lokacin da ido ke iya ganin ma'auni. To amma yau awon da rayuwarmu ta rataya a kansa ya koma cikin na'urori, inda ido ba ya kaiwa.

Mu duba Arewa kawai. Akwai shaton ruwa da injin da ke cika shi daga rijiyar foraji. Akwai kwantar da ke lissafa ruwan da kowane gida ya sha, da famfon mai a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni, da firijin gidan likita wanda dole ya riƙe allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8. Kowanne yana da abin awo a cikinsa, kuma kowane abin awo yana kaucewa sannu a hankali, saboda zafi da ƙurar hunturu da tsatsa da hawa da saukar wutar lantarki. Injin da ya mutu kowa ya san ya mutu. Ma'aunin da ya kauce kuwa yana ci gaba da nuna lamba, mutane suna gaskata shi.

Bari mu ɗauki shato misali. A cikinsa akwai abin da ke jin tsayin ruwa. Wannan yana miƙa labari ga wata na'ura da ke mayar da shi ƴar ƙaramar wuta mai bin waya. A bisa ƙa'idar da masana'antun duniya suka saba da ita, miliyamfa 4 na nufin babu ruwa, 12 na nufin rabi, 20 na nufin ya cika. An fara daga 4 ne da gangan, domin in aka ga sifili a gane cewa waya ce ta tsinke. Labarin yana isa ga allon da ma'aikaci ke karantawa, da kuma na'urar da ke ba inji umurnin ya tashi ko ya tsaya. Waɗannan duka sarƙa ɗaya ce, kuma aikinsu ɗaya: kada shato ya ƙafe, kada ya yi ambaliya.

A nan ne tsarin rajista yake da muhimmanci. In aka rubuta kowace na'ura ita kaɗai, kamar kayan da aka jera a kanti, ana iya gwada kowacce a ce lafiyarta lau, alhali sarƙar tana ƙarya. Mai jin tsayin ruwa ya kauce da kashi 1 cikin 100, allon ma ya kauce da kashi 1 ta gefe guda: kowanne bai wuce iyakar da aka yarje masa ba, amma jimla ta zama kashi 2. Saboda haka masu sana'ar sukan ba sarƙar lamba ɗaya, a ce 101, duk na'urorin da ke cikinta su ɗauki wannan lamba kamar ƴan gida ɗaya, a kuma gwada ta daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma lamba iri biyu da bai kamata a gauraya ba: ta gurbi da ta na'ura. Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa fahimtar wannan, tunda kujerar farfe tana nan ko an canza mai zama a kanta, shi kuma yana tafiya da takardunsa duk inda aka kai shi. Haka na'ura take. In aka cire ta daga Matankari aka gyara aka maƙala a Gesheme, tarihinta ya bi ta, tarihin gurbin kuma ya tsaya inda yake. Ta haka ake gane ko na'urar ce mai laifi, ko kuwa wurin ne ke kashe duk wadda aka sa.

Ranar gwaji, ana duba awo a matakai biyar: sifili, rubu'i, rabi, kashi uku cikin huɗu, da cikakke. Ana rubuta abin da aka tarar tun kafin a taɓa komi, sannan a rubuta yadda aka bari bayan gyara. Na farkon shi ne shaidar da ke faɗin tsawon lokacin da aka yi ana cutar wani, shi ne kuma ke nuna ko za a riƙa gwaji duk wata shida ko duk shekara. A ƙarshe a rubuta da wane ma'auni aka gwada, domin shi ma mai gwajin yana da na gaba da shi. A ƙasarmu hukumar ANMC ce ke kula da sha'anin awo, kuma silsilar tana tafiya har ofishin awo na duniya da ke Sebur kusa da Paris. Can aka ajiye ƙarfen da ya kasance uban kilo tun 1889, har zuwa 2019 da aka ɗora kilo a kan lissafin kimiyya.

Wanda yake ganin wannan yawan rubutu ne, ya tuna da ma'ajiyar mai ta Bansfil a Ingila. Ranar 11 ga Disamba 2005 wani tanki ya cika ya tumbatsa, man ya kama wuta, aka yi kwanaki ana fama, mutane fiye da 40 suka ji rauni. Bincike ya nuna cewa ma'aunin tankin ya maƙale sau 14 tun ƙarshen watan Agusta, ana taɓa shi ya tashi, ba a bi diddigin dalili ba. Na'urar da ya kamata ta tsayar da zuba man ita ma ba ta yi aiki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ko babu wuta, akwai asara. Bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa jahar Doso zuwa gaɓar tekun Benin, wanda aka fara lodi daga gare shi a 2024, an tsara shi don fitar da ganga 90,000 a rana. Kuskuren kashi 1 cikin 1,000 a wurin awo ganga 90 ke nan kowace rana. Shi kuma ɗan kasuwar da ke sayen dankalin turawa a lambunan Dogon Dutsi, in sikelinsa ya kauce da giram 20 a kilo, kilo 20 ke nan a kowane tan, ko daga aljihunsa ko daga gumin manomi.

Manyan masana'antu suna riƙe wannan rajista a na'ura mai ƙwaƙwalwa, da tsarin da ake kira GMAO da Faransanci. Shi ke tuna ranar gwaji, ya fitar da takardar aiki, ya ajiye sakamako. Amma na'ura ba ta gyara hargitsi. Abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Ƙaramar hukumar da ba ta da hali tana iya farawa da kaye na dala ɗari: shafi ɗaya ga kowace sarƙa, jerin na'urorinta, ranar gwaji, abin da aka tarar, abin da aka bari, da sa hannu.

Dalilin gaggawa shi ne hannu yana canzawa. Ruwan birane ya tashi daga SEEN ya koma NDE a 2024. A karkara kuwa, ƙananan hukumomi suna danƙa famfunansu ga ƴan kwangila, kwangila kuma tana ƙarewa. Ma'aikaci ana canza masa wurin aiki, ya tafi da abin da ke cikin kansa. Don haka muna kira ga masu jagorancin ƙananan hukumomin gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri su sa wannan rajista cikin sharuɗɗan kowace kwangila, su kuma nemi ganinta ranar miƙa aiki kamar yadda suke neman makullai. Ku kuma ƴan kasuwa, ku tambayi ranar da aka gwada sikelin da ake auna muku kaya, ku kai naku a gwada tun kaka ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.