Aikin sa-kai a Sifaniya: abin da hotunan Instagram ba sa nuna muku

Duk wanda ke leƙa Instagram ko TikTok ya san irin hotunan: matashi tsaye gaban tsohuwar fada a Turai, da tabarau, an rubuta a ƙasa cewa ya je aikin sa-kai. Sai sharhi ya cika da "Allah Ya kai mu", sai wasu su shiga akwatin saƙo suna tambayar wanda ya yi masa hanya. Ni ma na saka irin hoton a dogon hutun da ya wuce, lokacin da na yi mako goma a birnin Granada da ke kudancin Sifaniya. Shi ya sa nake ganin wajibi ne in faɗa muku abin da hoton ya ɓoye.

Da farko, aikin sa-kai aiki ne. Ƙaramar ƙungiyar da na yi wa aiki tana raba kayan abinci ga iyalai marasa ƙarfi, ciki har da baƙin haure daga Maroko da Senegal. Ƙarfe tara na safe muna rumbun ajiya, ana sauke katan-katan na madara da taliya da man girki, ana duba ranar lalacewa, ana rubuta sunaye. Babu albashi. Ɗaki aka ba mu, mu huɗu, kowa da ranar da zai wanke banɗaki. A watan Yuli zafin Granada yakan kai digiri 40, don haka wanda ya ɗauka Turai duk sanyi ce ya sake lissafi.

Na biyu, kuma wannan shi ne jigon maganata: harshe ba a wurin aiki na koye shi ba, ba kuma a aji ba. A lokacin hutu na koye shi. Kuma lokacin hutun nan ne yawancinmu muke kashewa a waya.

Gaskiya ni ma na faɗa wannan ramin. Makonni biyu na farko, da mun tashi aiki ƙarfe biyu sai in kwanta in buɗe WhatsApp, ina hira da 'yan ajinmu har dare. Jikina yana Andalus, zuciyata tana gida. Kullum ina yin darasin Duolingo, amma ranar da mai sayar da burodi ta tambaye ni ko ina buƙatar leda, sai na tsaya ina murmushi kamar wanda aka ɗaure wa harshe. Mutanen Andalus suna haɗiye harafin "s" na ƙarshen kalma, har "gracias" takan fito kamar "gracia". Manhaja ba ta gaya mini wannan ba.

Abin da ya ceto ni shi ne wata tsohuwa maƙwabciyarmu. A can, idan rana ta yi sanyi, tsofaffi sukan fito da kujeru ƙofar gida su sha iska su yi ta hira, tamkar majalisar unguwarmu bayan la'asar. Wata rana na gaishe ta, ta nuna mini kujera, shi ke nan. Kullum sai na zauna awa guda. Tana gyara mini kuskure ba tare da jin nauyi ba, tana dariya idan na mayar da namiji mace a nahawu. A bakinta na fara jin "ojalá", kalmar da suke faɗa idan suna fatan abu, wadda asalinta Larabci ne mai nufin idan Allah Ya so. Daga nan kunnena ya buɗe. "Azúcar" sukari ne. "Aceituna" zaitun ne. "Alcalde", wato magajin gari, tushensa ɗaya da alƙalinmu. Musulmi sun yi mulki a sassan yankin tun daga shekarar 711 har zuwa 1492 da Granada ta faɗi, kuma harshen bai manta ba. Wato Bahaushe bai shiga Sifaniyanci hannu rabbana ba.

Rayuwar yau da kullum ma makaranta ce. Abincin rana sai ƙarfe biyu ko uku, na dare sai tara ko goma. Ƙananan shaguna da yawa sukan rufe da tsakar rana, ranar Lahadi kuwa yawancinsu ba sa buɗewa. A lokacin bazara magariba takan wuce tara da rabi. Granada ta yi suna wajen ba da ɗan abin taɓawa kyauta idan ka sayi abin sha, amma naman alade ya yi yawa a girkinsu, don haka jimlar farko da na haddace da gaske ita ce "¿lleva cerdo?", ma'ana, akwai alade a ciki? Ba wanda ya taɓa ɓata rai don na tambaya. Ranar Juma'a nakan hau unguwar Albaicín zuwa babban masallacin da aka buɗe a 2003, inda daga lambunsa kana hango fadar Alhambra. Ƙwallo kuwa ba a magana. Duk ɗan Real Madrid ko Barcelona da ya saba gardama a gidan kallo yana da abin hira da direban bas da mai aski, abin da ya rage masa kalmomi ne kawai.

To, me nake so mu ɗauka daga nan?

Na ɗaya, mu daina kallon aikin sa-kai a matsayin ƙofar tserewa. Bizar gajeren zama ta yankin Schengen kwana 90 ce cikin 180, kuma wanda ya wuce wa'adi ya ɓata wa kansa suna, ya kuma toshe wa na bayansa hanya. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi a asusunsa zai samo maka gurbi da biza tabbas, ka kama kanka. Ƙungiyar gaskiya tana da adireshi, tana aiko da takardar gayyata, tana faɗa maka dalla-dalla aikin da za ka yi da abin da za ka biya da kanka.

Na biyu, mu kiyaye mutuncin waɗanda muke taimako. A ƙungiyarmu an hana ɗaukar hoton masu karɓar abinci, kuma da farko abin ya ba ni haushi, don ina son abin sakawa. Daga baya na tambayi kaina: da mahaifiyata ce a layin, zan so wani baƙo ya tara mabiya da fuskarta?

Na uku, ba sai ka sami biza za ka fara ba. Sifaniyanci yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, harshen hukuma ne a ƙasashe 20, ciki har da Equatorial Guinea da ke nan kusa da mu. Cibiyar Cervantes, wadda Sifaniya ta kafa a 1991, tana shirya jarrabawar DELE mai matakai daga A1 zuwa C2, shaidar da ake karɓa a jami'o'i da wuraren aiki. Shirin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma yana da ɓangaren da ake yi ta intanet daga ɗakinka. Datar da muke ƙonawa a bidiyon barkwanci ta isa sauraron sharhin wasan La Liga da harshen masu shi.

Daren da zan taho, tsohuwar nan ta riƙe hannuna ta yi doguwar magana a kan jikanta da ya tafi neman aiki Jamus. Na fahimci kusan komai, har na ba ta amsa. Ban ɗauki hoton wannan ba. Idan Allah Ya ba ka dama ka je, ka ajiye wayar a ɗaki awa ɗaya kowace yamma, ka fita ka gaishe da mutane.