Ƙarin Ɗaki A Gida: Arha Ba Ita Ce Ma'aunin Ɗan Kwangila Ba

Maigidan da ya yi niyyar ƙara ɗakin shan hantsi mai bangon gilashi a jikin gidansa yakan fara da tambayar farashi. A ganinmu, nan kuskuren yake. Ɗan kwangilar da ya karya farashi ba daga aljihunsa zai cike giɓin ba. Siminti zai rage, ya kuma sa siririn rodi inda ake bukatar mai kauri.

Kafin ciniki, a nemi shaidar rajistarsa da majalisar magina ta ƙasa, CORBON, wadda doka mai lamba 45 ta 1989 ta kafa. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. A je a ga aikinsa da ya sha damina biyu, a duba mahaɗar sabon rufi da tsohon bango, domin nan yoyo yake farawa. A tambaye shi ina gilashin zai fuskanta. Wanda ya yarda ya kalli yamma, a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40, tanderu zai gina.

Kuɗi kuwa, a biya mataki-mataki bisa rubutacciyar yarjejeniya, a riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida bayan kammalawa.