Idan Maɓalli Ya Mutu, Kada a Binne Injin

A shekarar 1972, kamfanin Atari ya ajiye injin gwaji na wasan Pong a wata mashaya mai suna Andy Capp's Tavern da ke garin Sunnyvale, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ba da jimawa ba aka kira kamfanin cewa inji ya tsaya. Injiniyan da ya ƙera shi, Allan Alcorn, ya je ya buɗe, sai ya tarar lantarkin lafiya ƙalau yake. Ma'ajin tsabar kuɗi ne ya cika ya toshe saboda yawan masu wasa. Tun daga farkon wannan sana'a, matsalar da ta yi kama da mutuwar inji takan zama ƙaramin abu ne da ke kusa da hannu.

Injinan da ake magana a kansu akwatuna ne masu tsayin mutum, da talabijin a ciki, da sandar sarrafawa da maɓallai a gaba, a jefa kwabo a yi wasa. Su ne suka fito da Space Invaders na kamfanin Taito a 1978, da Pac-Man na Namco a 1980, da Street Fighter II na Capcom a 1991. Waɗanda suka rage a yau suna hannun masu tara kayan tarihi, da 'yan gidajen wasa, da gidajen adana tarihi irin su The Strong da ke Rochester a jihar New York. Daga cikin larurorin da tsufa ke kawo musu akwai wannan: hoto yana fita, sauti yana tashi, amma a danna maɓalli ko a tura sanda, shiru. Mai gaggawa sai ya yanke hukunci cewa fanel ɗin wasan ya mutu, ya cire shi, ya ɗora ƙaramar kwamfuta ko fanel na zamani mai ɗauke da wasanni sittin. Wannan kuskure ne, domin a mafi yawan lokuta fanel ɗin ba shi da laifi, kuma an daɗe da daina ƙera irinsa.

Fahimtar dalili na buƙatar sanin yadda maɓalli ke magana da fanel. Kowane maɓalli makunni ne mai waya biyu. Ɗaya tana tafiya zuwa fanel, inda ake riƙe ta a kan bolt 5. Ɗayar ita ce wayar ƙasa, mai bolt sifili. Idan aka danna, wayoyin biyu suka haɗu, bolt 5 ya faɗi zuwa sifili, sai wasan ya gane an ba da umarni. Sandar sarrafawa ma makunnai huɗu ne kawai: sama, ƙasa, hagu da dama. Abin lura shi ne, kowane maɓalli yana da tasa wayar saƙo, amma wayar ƙasa guda ɗaya ce ke ratsa su duka, daga wannan zuwa wancan, kamar zare a cikin tsakiya.

Saboda wannan tsari, siffar matsalar ita ke nuna inda take. Idan maɓalli ɗaya ne ya ƙi, zargi yana kan makunninsa ko kan wayar da ta zame daga ƙafarsa. Gwajin ba ya cin kuɗi: a musanya wayoyinsa da na maƙwabcinsa mai aiki, a ga ko matsalar ta bi makunnin ko ta bi wayar. Idan kuwa maɓallai da yawa a jere suka mutu lokaci guda, da wuya a ce duk sun lalace rana ɗaya. Zaren ƙasa ne ya tsinke, kuma tsinkewar tana tsakanin maɓalli na ƙarshe mai aiki da na farko marar aiki. Idan jarumin wasa yana ta tafiya gefe ɗaya ba tare da an taɓa komai ba, to wani makunni ya maƙale, ko an saka waya a ƙafar da ba tata ba. Ƙaramin makunni yana da ƙafafu uku, kuma ɗayarsu a haɗe take kullum sai an danna. Wanda ya saka wayar saƙo a kanta ya mayar da maɓallin tamkar an danne shi har abada. Kafin duk wannan ma, ya kamata a tabbatar injin ya karɓi kuɗi, domin maɓallin farawa ba ya yin komai idan wasan bai ƙirga kwabo ba.

Tarihin kowane inji ma yana ba da haske. A 1985 ƙungiyar masu ƙera injinan nishaɗi ta Japan, wadda aka sani da JAMMA, ta fito da mahaɗi guda mai haƙora 56 domin fanel na kowane kamfani ya shiga kowane akwati. Tsarin ya tanadi maɓallan wasa uku ga kowane ɗan wasa. Street Fighter II kuwa shida yake buƙata, don haka maɓallan shuri uku suna bi ta wani ƙaramin damin waya na daban. Injin da naushi ke aiki a cikinsa amma shuri ya ƙi, ya riga ya faɗi inda ciwonsa yake. Wasannin da suka girmi wannan tsari, irin su Pac-Man, suna da nasu jerin haƙora, kuma cusa su a mahaɗin JAMMA kai tsaye na iya ƙona fanel. Tsofaffin sanduna da yawa suna amfani da ganyen ƙarfe biyu da ke taɓa juna, waɗanda datti ke rufewa. Jan takarda mai kauri a tsakaninsu kan wadatar, amma gurza su da takardar yashi yana cinye rufin da ke kare su. Akwai kuma matsalar da gyara ke haifarwa: an tsara Pac-Man don sanda mai hanya huɗu, kuma wanda ya sa masa mai hanya takwas zai ga kamar wasan yana ƙin juyawa a kwana, alhali kowace waya lafiya take.

Sai an wanke makunni da waya sannan a tuhumi fanel. Wasanni da yawa suna da shafin gwaji da ke nuna kowane maɓalli yayin da aka danna shi. Mitar awon lantarki za ta nuna ko bolt 5 yana isa fanel da ƙarfinsa, ko haƙoran mahaɗi sun yi tsatsa. Ko da laifin ya tabbata a kan fanel, sau da yawa yana tsayawa ne a ƙaramin aisi ɗaya da ke karɓar saƙon maɓallai, irin su 74LS244 ko 74LS245, waɗanda har yanzu ake samu da araha, kuma mai gyaran da ya iya riƙe dalma zai sauya shi. Wuri ɗaya ne ba a wasa da shi: tsohuwar talabijin da ke cikin akwatin tana aiki da dubban bolt, kuma tana iya riƙe caji bayan an zare filogi. Wanda bai san aikinta ba kada hannunsa ya kusance ta.

Masu goyon bayan sauya fanel suna da hujja mai nauyi. Manhajar kwaikwayo ta MAME, wadda Nicola Salmoria ya fara a 1997, ta ceci dubban wasanni daga ɓacewa, kuma mai gidan wasa da ke neman abincinsa ba ya da lokacin bin waya ɗaya bayan ɗaya. Sai dai hujjar ta manta abu biyu. Na farko, sabon fanel yana amfani da maɓallai da wayoyin da ke nan, don haka idan zaren ƙasa ne ya tsinke, an kashe kuɗi kuma matsalar tana nan daram. Na biyu, masu rubuta manhajar kwaikwayo daga fanel na asali suke karanto bayanai, kuma da shi suke auna ko kwaikwayon ya yi daidai. Duk fanel da aka jefar, an rage ma'aunin da ake gwada kwafi da shi. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Wanda dole ta sa ya sauya fanel, aƙalla ya adana na asali a busasshen wuri, kada ya yanke damin waya, kada ya huda sababbin ramuka a fuskar akwatin, domin wani ya iya mayar da shi yadda yake wata rana. Wanda kuma yake da sa'a ɗaya da mitar awo, ya fara daga inda yatsa ke taɓawa ya bi waya zuwa ciki. Makunni ana sayen sabo a kowane lokaci. Fanel ɗin 1980 kuwa, iya waɗanda suka rage su ne ke nan.