Sadakar mai gidan rediyo

A kasuwannin Madawa, Buza da Keita, ana auna alherin babban mutum da buhunan gero da shinkafar da ya raba cikin azumi. Ba mu raina wannan ba, domin mai jin yunwa ba ya cin jawabi. Amma a ganinmu shugaban gidan rediyo yana da wani ma'auni dabam.

Mu ɗauki misalin Musa Kaka, wanda a shekarar 2007 yake shugaban rediyon Sarauniya kuma wakilin RFI a Nijar. Ranar 20 ga Satumba 2007, zamanin mulkin Tanja Mamadu, aka kama shi bisa zargin haɗa baki da ƴan tawayen MNJ, saboda maganganun da ya yi da su ta waya. Sai ranar 7 ga Oktoba 2008 ya fito daga kurkuku. Fiye da shekara guda ke nan ya bayar daga rayuwarsa, don ƴan ƙasa su ji abin da ke gudana a arewa. Wane attajiri ya taɓa fitar da zakka irin wannan?

Saboda haka muke tambayar masu gidajen rediyon da ake saurare a jihar Tawa: minti nawa kuke ba manomin albasa kyauta ya faɗi yadda dillalai ke karya masa farashi? Minti nawa ga mushen lakwal na ƙauyen Buza da albashinsa ya makara? Ɗan siyasa kam, kowa ya sani, yana sayen awa guda ya yabi kansa, har da maroƙa.

A ware wa talaka rabin awa kowace ranar kasuwa, ba tare da ya biya ko dala ba.