Makarantun Kwamfuta A Dogo Tebo: A Biya Kuɗin, Amma A Bi Sawu

Daga Wakilinmu na Arewa, Potiskum

Jama'a mazauna Kudu, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Ikko, da na Sabo a Ibadan da Shagamu, har ya zuwa Anacha da Fatakwal, yau ina so mu yi magana a kan kuɗin da kuke aikowa gida domin yara su koyi aikin kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ra'ayina shi ne lalle a ci gaba da biyan kuɗin nan, amma a daina biya ido rufe.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa wani abu ne da na gani da idona a unguwarmu ta Dogo Tebo. Wani maƙwabcina yana da wa mai sayar da albasa a Ikko. Bawan Allahn nan ya yi ta tara kuɗi yana aikowa har wata shida, aka sa ɗansa a wata makarantar koyon kwamfuta a cikin gari. Da aka gama aka ba yaro takardar difloma mai hatimi ruwan zinariya, aka ɗauke ta hoto aka aika wa uban ta waya, ya yi murna, ya nuna wa abokan zamansa a kasuwa. Ran nan sai na roƙi yaron ya buga mini wata 'yar wasiƙa a kan kwamfutata. Ya fi rabin sa'a yana farautar baƙaƙe da yatsa ɗaya, da ya gama kuma bai san yadda zai adana abin da ya rubuta ba. Na tambaye shi yadda ake karatun, sai ya ce malam yakan rubuta darasi a allo su kwafa a littafi, na'urar kuwa sai an yi layi, in an kawo wuta. Yaron ba daƙiƙi ba ne, kuma ba laifinsa ba ne. An sayar wa ubansa takarda ne kawai, ba a koya wa ɗansa kome ba.

DAGA TAFIRETA ZUWA KWAMFUTA

Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin da in yaro ya gama firamare ko sakandare akan kai shi makarantar tafireta. In ya iya bugu da sauri, ya sami aikin akawu a ofishin En'e ko a kamfani, ko kuwa ya kafa tebur a bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙu. A wancan lokaci ba a yaudara, domin ran ɗaukar aiki zaunar da kai za a yi gaban keken rubutu a duba agogo.

A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da ƙaramar kwamfuta ta kan tebur wadda ta buɗe wa sauran kamfanoni hanya. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta tsara manufar koyar da kwamfuta a makarantun ƙasar nan, amma mafi yawan 'yan makarantar Arewa a littafi kaɗai suka ga hotonta. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 aka buɗe sababbin ofisoshi a Damaturu, sannu a hankali kwamfuta ta ture tafireta, sai shagunan buga takardu da ɗaukar kwafi suka fara bayyana. Shekarar 2001 kuwa ita ce ta juya al'amura, gama a cikinta wayar salula ta shigo Nijeriya, a cikinta kuma aka kafa hukumar NITDA mai kula da bunƙasa wannan fasaha. Bayan haka ne shagunan shiga intanet suka yawaita. Mu da muke sakandare a shekarun nan a irin waɗannan shaguna muka fara taɓa na'urar, mu biya kuɗin sa'a guda mu uku, ɗaya na bugawa biyu na leƙe.

Kada mu manta kuma da cewa Potiskum ta sha wahalar da ta mayar da ita baya. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya makonni masu yawa. A watan Yuli na wannan shekara aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo, a Nuwamban 2014 kuma aka kai wa makarantar kimiyya da fasaha ta cikin garin Potiskum. Iyaye da yawa sun cire 'ya'yansu daga makaranta a lokacin. Yayin da yaran Ikko da Ibadan suke sabawa da na'ura, namu suna neman tsira da rai. Wannan giɓi ne ake ƙoƙarin cikewa yanzu.

ABIN YA ZAMA DOLE

Wani zai ce, me ɗan mai awon hatsi ko ɗan direban tirela zai yi da kwamfuta? To, ga amsa. Hukumar JAMB, wadda ke shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara yin jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda da fensir ɗungum. Tambayoyi 180 ne a cikin sa'a biyu. Gaskiya ne hukumar ta sauƙaƙa abin, ta yadda da madannai takwas kaɗai yaro zai iya amsa tambaya ya wuce gaba. Amma wanda bai taɓa zama gaban na'ura ba sai ran jarrabawa, hannunsa na rawa, kafin hankalinsa ya kwanta lokaci ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar WAEC ita ma ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zana ta a waje a 2024. Kowa ya ga inda aka dosa.

Ba jarrabawa kaɗai ba. Tun shirin N-Power na 2016, neman aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda, da neman tallafin karatu, duk ta intanet ake cika fom. Lambar BVN ta banki ta zo a 2014, lambar ɗan ƙasa ta NIN kuma ta zama sharaɗin rajistar JAMB daga 2021. Wanda bai iya cika fom da kansa ba, tilas ya miƙa wa mai shago sunansa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta sirri. In aka yi kuskuren harafi ɗaya a suna, sai a shekara ana zirga-zirgar gyara. In kuwa aka gamu da marar tsoron Allah, ku kun fi ni sanin abin da kan biyo baya.

Har kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ba ta tsira ba. A farkon 2023, lokacin da aka canja takardun Naira kuɗi suka ɓace a hannun jama'a, dillalai da fatake da yawa waɗanda ba su taɓa yarda da tura kuɗi ta waya ba sai da suka nemi yaran da suka iya. Attajirin da ke loda tireloli zuwa Kudu yana bukatar wanda zai riƙe masa lissafin mota da mai da direba da bashi. Yaron da ya iya Excel da gaske zai yi wannan aiki a cikin sa'a guda, kuma ɗan gida ne.

INDA GIZO KE SAƘA

Ganin wannan bukata ne ya sa makarantun kwamfuta suka yi yawa. Ba na cewa dukansu na banza ne. Akwai samari masu kishi, waɗansunsu sun yi karatu a Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Potiskum, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Damaturu, suna koyarwa tsakani da Allah da ɗan abin da suke da shi. Amma akwai kuma waɗanda shago ɗaya da allo da firinta mai buga satifiket su ne jarinsu.

Illa ta farko ita ce ƙarancin na'ura. Aikin kwamfuta kamar tuƙin mota ne, ba wanda ya taɓa zama direba da kwafar darasi. Ta biyu ita ce wuta. Kowa ya tuna watan Oktoba na 2024, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Makarantar da ba ta da sola ko janareta, rabin watanninta hutu ne. Ta uku, ana koyar da abin da malam ya haddace shekara goma da suka wuce, ba a koya wa yaro aika saƙon imel, da cika fom, da kare lambarsa ta sirri, da gane saƙon 'yan damfara. Ta huɗu kuwa tamu ce mu iyaye: muna ganin yaro yana latsa waya dare da rana, yana Facebook da TikTok, sai mu ce ai ya iya kwamfuta. Latsa waya daban, aiki daban. Ba wanda zai ɗauke shi aiki don ya iya kallon bidiyo.

Na san akwai masu tsoro. Ku da kuke Kudu kun ga samarin da ake kira 'yan Yahoo, kun ga motocin EFCC suna kwasarsu, kuna gudun kada naku su faɗa ciki. Tsoron yana da dalili, kuma tun 2015 akwai dokar da ke hukunta laifuffukan intanet. Amma ku duba, wayar da ke aljihun yaro ta riga ta kai shi ko'ina, ba malami, ba mai tsawatawa. Hana shi koyon aikin ba zai rufe waccan ƙofa ba, sai dai ya rufe ta halal. Wuƙa ce, mahauci na cin abinci da ita, ɓarawo na ta'asa da ita. Tarbiyya daga gida take fitowa.

Waɗansu kuma sukan ce ga masu digiri nan suna zaune ba aiki, balle mai satifiket na wata shida. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba zan yi muku alkawarin da ba ni da ikon cikawa ba. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da matasa miliyan uku, amma shi ma sai wanda ya iya shiga intanet ya cika fom zai samu. Koyon kwamfuta ba ya ba da aiki shi kaɗai. Rashinsa ne ke hana mutum ko da shiga layin masu nema.

ABIN DA YA KAMATA KU YI

Na farko, kafin ka aiko da ko kwabo, sa ƙaninka ko wani amintacce ya je makarantar da ƙafarsa a lokacin darasi. Ya ƙirga na'urorin da ke aiki, ya ƙirga ɗalibai, ya tambaya sa'a nawa kowane yaro ke zama shi kaɗai a kan na'ura a mako, ya ga kuma abin da ake yi in an ɗauke wuta. Gani ya kori ji.

Na biyu, kada ka biya kuɗin wata shida gaba ɗaya. Biya wata-wata, kuma kowane ƙarshen wata ka ba yaro aiki. Ka ce ya buga maka wasiƙa da Word ya aiko, ko ya tsara maka lissafin buhunan da ka sayar da bashin da kake bi. Ko kai ba ka iya karantawa ba, a Mile 12 ko Sabo ba za ka rasa wanda zai duba maka ba. In wata biyu suka wuce bai iya ba, ka canja makaranta.

Na uku, kada a bar 'yan mata a baya. Su ma suna zana JAMB, su ma suna neman makarantar koyon aikin jinya da ta malanta, kuma fom iri ɗaya ake ba su. Wannan sana'a ce da mace za ta iya yi a cikin ɗakinta, ta buga wa ɗalibai takardu, ta tsara katin biki, ta riƙe wa mijinta lissafi. In akwai damuwa game da cuɗanya, a nemi a ware musu lokacinsu, ko a samo malama.

Na huɗu, ina kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin fatake da na direbobi. Kasuwar kwamfuta ta Ikeja tana kusa da ku, kuma a can ake samun na hannu masu sauƙin kuɗi. Tirelolinmu suna kawo muku shanu da hatsi kowane mako, su komo Arewa. In 'yan Potiskum da ke Ikko suka haɗa kuɗi suka sayi na'urori goma da faifan sola, ɗora su a gaban mota ba zai gagara ba. A damƙa su ga makarantar unguwa a gaban mai unguwa da shugaban makaranta da iyayen yara, a rubuta, a kuma sa wanda zai riƙa kawo rahoto. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe ina roƙon Gwamnatin Jihar Yobe, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2019, da Ƙaramar Hukumar Potiskum, su riƙa yi wa irin waɗannan makarantu rajista, su aika masu duba su, kada a bar kowa ya buga difloma yadda ya ga dama.

Shi kuwa yaron maƙwabcina, mun mayar da shi wurin wani matashi mai na'ura huɗu da sola, wanda ba ya karɓar fiye da ɗalibai huɗu a lokaci guda. Ba shi da hatimi ruwan zinariya. A makon jiya yaron ya aika wa ubansa lissafin albasar wata guda, an duba ba kuskure. Allah Ya sa guminku ya amfani 'ya'yanku, Ya maido ku gida lafiya, amin.