Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Martani Ga Masu Kare Ostireliya

Ba niyyata ba ce in sake ta da ƙurar gardamar nan da muka daɗe muna yi a ɗakin hutawar ɗalibai, amma tun da wasu daga cikinmu sun ƙi bari ta kwanta, har suna kirana maci amanar ƙungiyar da nake goyon baya, to, ya zama dole in fito fili in faɗi tawa. Na fi kowannensu son 'yan wasan zari-ruga na ƙasar Ostireliya, waɗanda ake kira Wallabies. Saboda son nan ne ma ba zan yarda a ci gaba da yi musu rufa-rufa ba. Ciwon da ke damunsu yana cikin sikiram, watau turereniya, kuma su suka jawo wa kansu shi, ba alƙalin wasa ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, bari in ɗan yi bayani. Kowane ɓangare yana da mutum 15, takwas daga ciki su ne ƙarfafan gaba. In an yi ƙaramin kuskure, kamar a jefa ƙwallo gaba, sai takwas ɗin nan su sarƙe da juna, su sunkuya, su haɗa kafaɗu da takwas na abokan hamayya, a jefa ƙwallo tsakani, kowa ya tura. A sahun farko mutum uku ne: mai lamba 2 a tsakiya, shi ke janyo ƙwallo da ƙafa, sai mai lamba 1 a hagu da mai lamba 3 a dama, waɗanda zan kira ginshiƙai. Mai lamba 3 shi ya fi kowa shan wuya, domin kansa yana shiga tsakanin kawunan mutum biyu ne, nauyi na danne shi ta kafaɗa biyu. Nauyin mutum takwas na manyan ƙasashe a yau yakan kai wajen kilo 900. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san cewa wanda ya fi ƙasa da gindi, ya miƙe gadon baya, ya kafa ƙafa, shi ke da fage. Haka abin yake a nan, sai dai wanda ya durƙushe ko ya karkace, alƙali zai ba da bugun laifi a kansa, bugun nan kuwa in ya shiga maki 3 ne.

To, abokan gardamata suna da hujja uku. Ta farko, wai alƙalan Turai sun riga sun yanke wa Ostireliya hukunci tun kafin a busa usur. Ta biyu, wai turereniya ɓata lokaci ce, ainihin wasan gudu ne da miƙa ƙwallo. Ta uku, wai ƙasar ba ta da isassun ƙarti, domin wasu wasanni sun kwashe su. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da maganar alƙali. Na yarda cewa suna yakan bi mutum, alƙali kuma ɗan Adam ne. Amma ina sunan ya samo asali? A watan Nuwamba na 2005, a filin Twickenham, Ingila ta ci Ostireliya 26 da 16. A ranar Andrew Sheridan ya matsa wa Al Baxter lamba har ya riƙa durƙushewa, aka ba shi katin gargaɗi ya fita na minti 10. Matt Dunning da ya tsaya a gurbinsa, a kan makara aka fitar da shi, har ya zamana an ƙarasa wasan ba tare da turawa ba, don Ostireliya ba ta da sauran ginshiƙin da za ta sa. Ina tambaya, alƙali ne ya kwantar da Dunning? Bayan shekara biyu aka sake haɗuwa a Marseille, a wasan kusa da na kusa da ƙarshe na Kofin Duniya na 2007. Ingilar nan fa Afirka ta Kudu ta riga ta lallasa ta 36 da nema a zagayen farko, kowa ya ɗauka gawa ce. Ostireliya kuwa ga George Gregan, ga Stirling Mortlock, ga Chris Latham, ga Lote Tuqiri. Ingila ba ta dire ƙwallo a bayan layi ko sau ɗaya ba, amma Sheridan da 'yan'uwansa suka tattake sahun gaba, Jonny Wilkinson ya buga bugun laifi huɗu, aka tashi 12 da 10. Sa'an nan a Yuli na 2013, a gida, a Sydney, haɗaɗɗiyar ƙungiyar Birtaniya da Ayalan da ake kira Lions ta zo wasa na uku, kowa yana da nasara ɗaya. Alex Corbisiero ya dire ƙwallo tun minti biyu ba su cika ba, ya koma ya hana Ben Alexander sakat har aka ba shi kati kafin a kai rabin sa'a. Aka tashi 41 da 16, kwana kaɗan bayan haka koci Robbie Deans ya bar aiki. Wasa uku, shekara takwas, alƙalai daban-daban, cuta iri ɗaya. Laifi tudu ne, jama'a, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Abin da masu kukan zalunci ba sa son a tuna musu shi ne wasan ƙarshe na 2003. A ranar Ingila ce ta fi ƙarfi a turereniya, amma ita alƙali André Watson ya yi ta kamawa da laifi, har Elton Flatley ya sami bugun da ya mayar da wasa 14 da 14 dab da tashi, aka shiga ƙarin lokaci kafin Ingila ta ci 20 da 17. Ban ji ko mutum ɗaya cikin abokaina ya kira wannan son kai ba. A ganina ma ranar nan ita ta cuci Ostireliya fiye da kowace, domin ta koya musu cewa da dabara da jan lokaci da karanta halin alƙali ana iya ɓoye rauni har a kusa ɗaukar kofi. Sai suka riƙe wannan darasi, suka bar na gaskiya. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, a 2005 aka iso ƙarshensa.

Hujja ta biyu ita ta fi ba ni haushi, domin tana zuwa ne da rigar wayewa. Wai mu masu son turereniya ba mu san daɗin wasa ba. Haba! Ni ma Mark Ella da David Campese ne suka sa na kamu da son wannan ƙungiya, da na ga tsofaffin finafinan wasanninsu. Amma a tambayi kowa, a rangadin 1984 da Ostireliya ta doke Ingila da Ayalan da Wales da Sikotilan a jere, wane abu ne mutanen Cardiff suka kasa mantawa? Ranar da ƙarfafan Ostireliya suka tura na Wales da baya har suka haye layinsu da ƙwallo a ƙarƙashin ƙafa, aka tashi 28 da 9. Ella ya dire ƙwallo a kowane ɗaya daga wasannin nan huɗu ne domin na gabansa sun share masa fage. A wasan ƙarshe na 1991 kuma, da aka ci Ingila 12 da 6, wanda ya dire ƙwallo ɗaya tilo na ranar ginshiƙi ne, Tony Daly. Ashe zamanin da ake yi mana gori da shi, zamanin ƙarfin sahun gaba ne.

In kuwa ana son shaida ta kusa, a dubi maƙwabtanmu na nahiya. A wasan ƙarshe na 2019 Afirka ta Kudu ta ci Ingila 32 da 12, kuma Tendai Mtawarira da abokansa ne suka fara karya Ingila a turereniya, sa'an nan masu gudu irin su Makazole Mapimpi da Cheslin Kolbe suka ƙarasa aikin. A 2023, a wasan kusa da na ƙarshe, Ingila ce ke gaba har aka kusa tashi, sai aka sako Ox Nché da Vincent Koch, suka riƙa samo bugun laifi daga turereniya, Handré Pollard ya buga na ƙarshe daga wajen tsakiyar fili, aka tashi 16 da 15. Kofi biyu a jere ke nan. Su kuwa shugabannin wasan a Ostireliya, maimakon su gyara gidansu, sai suka zama kan gaba wajen goyon bayan dokokin gwaji na 2008, waɗanda suka mayar da yawancin laifuffuka ƙaramin bugu wanda ba a neman maki da shi. Hukumar wasan ta duniya ta yi watsi da wannan sashe a 2009. Makaho ya rasa ido ya ce ido na wari, shi ke nan.

Hujja ta uku ita ce mai ɗan ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ƙi ta gaba ɗaya ba. A Sydney da Brisbane ɗaya nau'in zari-rugar, mai mutum 13, shi ya fi farin jini, turereniyarsa kuwa suna ce kawai, ba a turawa. A Melbourne ƙwallon gargajiyar Ostireliya ce sarauniya. Zari-ruga mai mutum 15 ta daɗe tana dogara ga 'yan makarantun kuɗi ƙalilan. Duk wannan gaskiya ne. Amma in rashin mutane ne, yaya aka yi a 2015? Michael Cheika ya ɗauko Mario Ledesma, tsohon mai lamba 2 na Ajantina, ya danƙa masa sahun gaba. Cikin shekara guda, da Scott Sio da Stephen Moore da Sekope Kepu, Ostireliya ta je Twickenham ɗin nan da aka wulaƙanta ta, ta tura Ingila da baya a gaban jama'arta, ta ci 33 da 13, ta fitar da mai masaukin baƙi tun zagayen farko, ta kai har wasan ƙarshe. Mutanen dai su ne, ƙasar ita ce, alƙalan ma su ne. Abin da ya canza shi ne an sami wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, ya koya wa mutum takwas su tura kamar mutum ɗaya.

A nan ne fa maganata take. Ku lura da yadda tarihin yake maimaita kansa. A 1984 ginshiƙin da ya gyara musu sahu Enrique Rodriguez ne, ɗan Ajantina. A 1998 suka sake samo wani ɗan Ajantina, Patricio Noriega. A 2015 Ledesma. A 2024 kuma Joe Schmidt ya jawo Mike Cron, wanda ya shekara da shekaru yana koyar da turereniya ga 'yan New Zealand. Duk sa'ad da wuta ta kama sai a ruga maƙwabta aron ruwa, in ta mutu a koma barci, ba wanda zai ce a haƙa rijiya. Ledesma ya koma ƙasarsa a ƙarshen 2017, me ya bari a ƙasa wanda zai haifar da wasu? Amsar ta fito a 2023. Allan Alaalatoa ya ji rauni a agara tun watan Yuli, Taniela Tupou ya ji nasa ana cikin gasar, sai ga rumbu wayam. Fiji ta ci su 22 da 15, Wales ta ci su 40 da 6, suka fita a zagayen farko, abin da bai taɓa faruwa gare su ba. Ban ce turereniya kaɗai ta jawo wannan ba, rikicin Eddie Jones ya isa littafi guda. Amma ƙasar da raunin mutum biyu zai bar ta ba ginshiƙin dama na a zo a gani, ba ta da hurumin zargin kowa. James Slipper ya cancanci yabo da ya wuce tarihin Gregan na wasa 139 a 2024, sai dai ya kamata a tambaya, don me aka kasa sauke masa kaya duk tsawon shekarun nan, ana kai shi hagu ana kai shi dama?

Kada a ce ba mai yiwuwa ba ne a noma a gida. Sahun gaba na 1991, Daly da Phil Kearns da Ewen McKenzie, duk 'yan gida ne, Kearns ma daga sahu na biyu na kulob ɗin Randwick Bob Dwyer ya tsamo shi a 1989. Ido ake bukata da haƙuri. Ginshiƙi ba ya nuna da wuri kamar mai gudu, sai ya sha kāyi sau da yawa kafin wuyansa da bayansa su koyi aikin. Tun 2013 kuma da aka sauya doka, aka ce sai an kama juna kafin a haɗu, ƙarfin karo na farko ya ragu, abin ya koma na gwaninta da juriya, watau abin da ake koyarwa. Saboda haka abin da nake nema ga masu riƙe da wasan a can bai wuce uku ba: a sa masu koyar da turereniya tun daga makarantu da ƙananan kulob, a biya mai lamba 3 albashin da zai hana shi tsallakawa Faransa ko Japan, a kuma daina zaɓen ginshiƙi don ya iya gudu da ƙwallo alhali bai iya tsayuwa ba.

Kofin Duniya na 2027 a Ostireliya za a yi shi. A 2025 Lions sun sake zuwa sun ci biyu cikin uku, ko da yake Wallabies sun nuna zuciya, sun ɗauki na ƙarshe 22 da 12. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina fata a ranar in ji kunyar wannan rubutu, abokan gardamata su zo su yi mini dariya, zan saya musu shayi da bakin alƙawari. In kuwa aka sake tura mu da baya a gaban duniya, don Allah kada wanda ya zo mini da maganar alƙali. Filin mujallar nan a buɗe yake ga duk mai martani, amma ya zo da shekara da sakamako kamar yadda na zo da nawa.